Filayar fere waya, da kalmar Turancin da ta ci mini sukuru

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin wayarin, kuma duk tsawon wannan lokaci da reza nake fere waya. In ina sauri, da bakin filaya. Haƙori ma ya sha aikin tun ina yaron shago, sai da na gaba ya ɓantare sannan na shiga taitayina. Don haka ranar da ƙanwata ta kawo mini wannan filaya ta musamman, godiya na yi mata, na jefa ta cikin akwatin kayan aiki, ta yi kusan wata biyu ko ledarta ban ɓare ba. Abin da ya sa na tuna da ita, wani aikin sola ne ya faɗo mana mai bakin waya fiye da ɗari biyu, ga babban yatsana ɗaure da bandeji, rezar ce kuwa ta yi mini. Yau wata bakwai ina aiki da ita kusan kullum, ina ganin na isa in faɗi wani abu a kanta.

A jikin kwalin an rubuta "self-adjusting wire stripper", wato abin fere waya mai daidaita kansa. Irinta suna da yawa, kamfanoni daban-daban ke yin su da siffa ɗaya, launin mariƙi kawai ke bambanta su. Tsawonta kamar inci takwas ne. Kanta yana da muƙamuƙi biyu. Ɗaya mai haƙora, shi ke damƙe wayar, ɗayan mai kaifi, shi ke cizon robar. In ka matsa mariƙin, wannan ya riƙe, wancan ya ciza, sannan su rabu da juna, robar ta saɓule ta bar jan ƙarfe a waje. Duk a matsa ɗaya. Akwai ɗan madogari da ake turawa gaba ko baya, wanda bakin wayar ke tokarewa a jikinsa, shi ke sa tsawon abin da aka fere ya zo daidai kowane lokaci. A gefe kuma akwai wani ƙaramin sukuru da ake murzawa don ƙara wa cizon ƙarfi ko rage shi. Ku riƙe maganar sukurun nan, za mu dawo kansa.

A kan wayar gida ta yau da kullum, mai kauri 1.5 da mai 2.5 a ma'aunin milimita, ba ni da abin cewa sai sambarka. Ranar farko na zauna da guntayen waya ina gwadawa, ina duba bakin kowace da hasken waya ta hannu ko zan ga rauni a jikin jan ƙarfen. Ban gani ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna da reza, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba. Komai ƙwarewar hannunka, in ka zagaya reza a jikin waya mai sili ɗaya, wata rana sai ka bar mata zane. Zanen nan da ido ba ya gani sosai, nan ne take karyewa in ka lanƙwasa ta za ka cusa soket cikin akwatinsa. In kuma mai sili da yawa ce, sai ka ga sili uku ko huɗu sun biyo robar sun faɗi ƙasa. Wayar ta sirance a daidai wurin ke nan, kuma inda waya ta sirance nan take ɗaukar zafi in an ɗora mata kaya. Da filayar nan, a kan waya mai taushi, da wuya in ga sili ko ɗaya a ƙasa.

Wani abin da ta iya wanda ya ba ni sha'awa shi ne buɗe tsakiyar waya. Ka sa ta a tsakiya ka matsa, sai ta ture robar gefe ta buɗe maka taga ba tare da ka yanke wayar ba. Kebul mai faɗi ma tana zare masa rigar waje ta bar na ciki lafiya lau.

To, sai aikin solar nan. Wayar sola ba irin ta gida ba ce. Robarta biyu ce, wata kan wata, kuma an yi ta da tauri don ta jure rana da ruwa shekara da shekaru. Mai 4 filayar tana fere ta, amma sai ka matsa da hannu biyu wani lokaci. Mai 6 kuwa sai ta riƙa zamewa, haƙoran su karce robar su bar ta a wurin. Na ce to ai ga sukurun ƙara ƙarfi. Kafin in taɓa shi na ɗauko 'yar takardar bayani da ta zo cikin kwalin, domin ni mutum ne mai karanta takarda, Turancina kuma bai kai na kotu ba amma yana kai ni inda za ni. Na tarar da gargaɗi cewa a kula wajen murza shi kada a "strip the screw".

Kalmar "strip" na san ta, ita ce a jikin kwalin, ita ce a kowane layi na takardar. Cirewa ce. Sai na fassara wa kaina cewa kada a cire sukurun, wato kada a kwance shi har ya fito waje sifirin ya yi tsalle ya ɓace. Na ce wannan mai sauƙi ne, ni da ciki zan tura shi ba waje ba. Na murza da yatsa har ya tsaya. Wayar ta sake zamewa. Na ɗauko wata filaya na kama kansa na ƙara masa zagaye ɗaya, na ƙara rabi. Sai na ji ya yi laushi a hannuna, yana ta juyawa kamar ba a jikin komai yake ba. Yarona yana tsaye yana kallo, ya ce, "Maigida, ya cinye fa." Na ce na gani.

Da dare na kira ƙanwar tawa, ita malamar Turanci ce, na ce mata tsarabarta ba ta da ƙwari, ga abin da takarda ta ce, ga abin da na yi, ban cire komai ba amma abu ya lalace. Ta yi dariya har sai da na ji haushi. Ta ce, "Yaya, ai ka cire. Ina haƙoran sukurun suke yanzu?" Na yi shiru. Ta ce wannan kalma ba cire abu daga mazauninsa take nufi ba, cire abin da ke jikin abu take nufi, abin da ya lulluɓe shi ko ya zagaye shi daga waje. Waya robarta ce a waje. Sukuru kuwa haƙoransa ne a waje, waɗanda suka zagaye shi. In ka matse shi har haƙoran suka goge ya zama sumul, ka yi masa abin da kake yi wa waya. Da sukurun kansa ake so a ce kada ka fitar, da wata kalma za a sa, "remove" ko "unscrew".

Tun daga ranar nake bin kalmar nan duk inda na gan ta, kamar wanda ta ci masa bashi, kuma na gane abin da ya ruɗe ni. Mu a Hausa kowane irin cirewa da kalmarsa. Abin da ake yi da wuƙa a bi jikinsa a hankali, ferewa ne. Abin da ake yi da farce, ɓarewa. Dabba feɗe ta ake yi, tsuntsu a fige shi, ɓawon itace a ɗaye shi, fenti a kankare shi, takardar da aka manna a bango a ɓamɓare ta, mayafi a yaye shi, riga a tuɓe ta. Da ka ji aikatau ɗin ka san abin da ke hannun mutum da yadda hannun ke tafiya. Bature ya ɗauki kalma ɗaya ya ɗora mata rabin wannan kaya. "Strip the paint" kankare fenti ne. "Strip the bark" ɗaye ɓawo. "Strip the bed" ba wai a wargaza gadon ba, a yaye zanen gado da rigunan matashi ne za a kai wanki. In bakanike ya ce zai "strip down" inji, zai kwance shi ne ƙarfe-ƙarfe har ya rage gangar jikin. Ba daga kalmar za ka san aikin ba, sai ka dubi abin da ya biyo bayanta ka tambayi kanka mene ne a jikin wannan abu da za a iya raba shi da shi.

Ba wai ba su da wasu kalmomin ba. Suna da "peel", ita ce ta ɓawo mai laushi, kamar na lemo ko ayaba, ko takardar manne da ake ɗagawa a hankali daga gefe. Suna da "skin" ta fiɗa, da "pluck" ta figa, da "unwrap" ta kwance abin da aka naɗe. Bambancin da ƙanwata ta nuna mini, wanda na ga gaskiyarsa daga baya, shi ne "peel" tana da lallami, ita kuwa "strip" tana da ƙarfi, kuma ba ta barin saura. Abin da aka yi wa ita tsirara yake komawa. Ashe ma asalinta ke nan: a tsohon Turanci akwai "bestrypan", ma'anarta wasashewa, irin ta mayaƙan da suka ci gari suka kwashe komai. Shi ya sa har yau ake amfani da ita wajen ƙwace wa mutum muƙami ko lambar girma. A 1967, da Muhammad Ali ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam aka karɓe masa kambunsa na damben duniya, abin da ake cewa da Turanci shi ne an yi masa "stripped of his title". A nan dai mu da su mun haɗu, domin mu ma tuɓewar da ake yi wa riga ita ake yi wa mai muƙami.

Akwai wani ɗan tarko a ginin jimlar kanta. Za ka iya cewa "strip the wire", za ka iya cewa "strip the insulation", duk aiki ɗaya ne. A ta farko ka ambaci wanda aka tuɓe, a ta biyu ka ambaci rigar da aka tuɓe masa. In za ka haɗa su biyun a jimla ɗaya, ƙaramar kalmar tsakiya ce ke nuna wane ne wane. In rigar ce ta fara zuwa, sai "off" ko "from" ta biyo: "strip the insulation off the wire". In mai rigar ne ya fara, sai "of" mai harafin f ɗaya: "strip the wire of its insulation". Na sha karanta su a takardun inbata ban taɓa lura ba, domin a aikin waya ko ka juya su hankali zai gyara maka. A maganar sukuru ne hankali bai gyara mini ba.

Laifin fassara nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma takardar ma tana da nata, kuma nata ya fi haɗari. A wurare biyu, inda ake nufin wayar da aka fere, an buga "striped wire" da harafin p ɗaya maimakon "stripped" mai biyu. Ga wanda ba ya aikin wuta wannan kuskuren bugu ne kawai. Amma "striped" kalma ce mai zaman kanta, daga "stripe" take, ma'anarta mai ratsi-ratsi. A tsarin launin waya da Turai da ƙasashe da yawa ke bi, ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta komawa, mai ratsin kore da rawaya kuma ita ce ta ƙasa, wadda ke kare mutum in ƙarfen na'ura ya ɗauki wuta. Saboda haka a bakin mai aikin wuta "striped wire" waya ce takamaimai. Takardar da ke koya wa sabon hannu matse kan waya, wato ɗan ƙarfen da ake cusa bakin wayar a ciki a matse, bai kamata ta ce masa ya cusa mai ratsi a inda take nufin wadda aka fere ba. Na sa biro na ƙara musu harafin da hannuna kafin in bar yarona ya karanta.

Tunda an zo kan yaron, ga wani abu da zan gargaɗi duk mai neman irin wannan filaya a intanet. Kalmar nan in ta tsaya ita kaɗai ba a ce me ake cirewa ba, tuɓe tufafi take nufi, kuma "stripper" tsurarta suna ne na masu tuɓe kaya a gidajen rawa don a biya su. Na ce wa yaron ya duba mana ko ana sayar da sukurun daban, ya rubuta rabin sunan kawai. Sai gani na yi ya kife wayarsa a cinya yana salati. A rubuta sunan cikakke, a fara da "wire".

Sukurun dai na samu wani daidai shi a jikin wani tsohon makunni, na yi sa'a haƙoran ramin ba su tafi tare da nasa ba, domin na asalin ƙarfensa ya fi laushi. Da na gyara ne na koma na duba abin da ya kamata in duba tun farko, wato lambobin da ke jikin kwalin. An rubuta tana fere daga 24 zuwa 10 a ma'aunin AWG, a gefe kuma an ce daga 0.2 zuwa 6 a ma'aunin milimita. AWG ma'aunin Amurka ne, tun 1857 ake aiki da shi, kuma a juye yake: ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri, babbar lamba siririya, domin asali yana da alaƙa da yawan jan da ake yi wa waya ta cikin rami kafin ta sirance. Duk ƙarin lamba uku, naman wayar yana raguwa da kusan rabi. Lamba 24 ta yi daidai da 0.2, nan ba gardama. Lamba 14 kusan 2.1 ce, lamba 12 kusan 3.3. Amma lamba 10 ba ta kai 6 ba, kusan 5.3 take. Wato mai 6 ta ɗan wuce iyakar abin da aka ƙera filayar dominsa, an dai cike lissafin ne ya yi kyau a kwali. Ƙara da roba biyu mai tauri, ba abin mamaki ba ne ta zame. Ko da ban ci sukurun ba, ba za ta yi wannan aiki yadda nake so ba.

A ɗaya gefen ma tana da iyaka. Wayoyin nan takwas sirara da ke cikin kebul ɗin intanet, in ba ka sassauta sukurun sosai ba, datse su take yi gaba ɗaya maimakon ta fere. Tsohuwar waya da robarta ta bushe a cikin rufi, farfasa ta take yi ta bar ɓurɓushi manne da jan ƙarfen. Haƙoran riƙon suna barin tabo a jikin robar da ta rage, ba mai zurfi ba, amma mai son aiki tsaf zai gani. Kuma kanta yana da faɗi, saboda haka in wayar da ta leƙo daga akwatin bango gajera ce, ba ta samun wurin kamawa. Ramukan matse kan waya da ke tsakanin mariƙan kuwa, ni dai ban yarda da su ba. Na matse guda biyar na ja da hannu, biyu suka zare. Wuƙar yankan tana yi, ba yabo ba fallasa. Madogarin tsawo roba ce marar ƙwari, nawa ya fara sassautawa a wata na huɗu, yanzu salatif ke riƙe da shi.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: robar mariƙinta don daɗin riƙo aka sa, ba don kare wuta ba. Kayan aikin da aka gwada don taɓa waya mai rai suna ɗauke da alamar 1000 V a jikinsu, wannan kuwa babu. A kashe wuta, a sa testa a tabbatar, sannan a ɗauko ta.

Wanda aikinsa wayarin gidaje ne ko haɗa allon rarraba wuta, inda zai fere bakin waya hamsin ko ɗari a wuni, ya nemi irinta, za ta rage masa lokaci ta kuma bar masa yatsunsa. Wanda aikinsa sola ne zalla, gara ya nemi mai ramuka da aka yanka daidai 2.5 da 4 da 6, ita ce ta wannan fage. Mai gyara soket ɗaya a shekara ba ya bukatarta. Ni yanzu tana aljihun gaba na jakata, rezar kuma ta koma can ƙasa cikin kwalin ashana, ina fito da ita ne kawai in na gamu da guntuwar waya a bango. Yaron nawa ya riga ya mai da filayar tasa, in na neme ta sai in ji ƙarar matsawarta daga ɗaya ɗakin. Sukurun gefen kuwa na hana shi taɓawa sai da yatsa biyu.